Tambayi Kawu: Mu biyar za mu birnin kan dutse, kuɗinmu kuma kaɗan ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu biyar ne, abokai tun makaranta, mun daɗe muna tara kuɗi don mu je wani birni da ke kan tsauni mu yi mako guda. An ce tsayin wurin ya kai mita 3,000 daga saman teku. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma aljihunmu ba ɗaya ba ne: biyu na aiki, uku sai a hankali. Mun shirya mu bi motar dare don mu huta da kuɗin kwana ɗaya, mu kama masauki mafi araha da muka gani a intanet, washegarin isarmu kuma mu hau ƙololuwar dutsen da ke bayan garin tun da sauran ƙarfinmu. A ina kuma za mu iya rage kashe kuɗi? Daga ɗanka mai bibiyar wannan shafi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya bar zumunci. Akwai wuraren rage kuɗi da yawa, zan kuma faɗa maka su, amma dabarun nan uku da ka lissafa duk a inda bai kamata ba kuka matse hannu. Garin kan dutse yana da nasa harajin da garin ƙasa ba shi da shi: numfashi, sanyi da hanya. Wanda ya ƙi biyan su da daɗin rai zai biya a asibiti ko a kuɗin tasi.

Mu fara da numfashi, don shi ne ba a gani da ido. A tsayin mita 3,000, iskar oksijin da kake shaƙa a kowane numfashi ba ta wuce kusan kashi 70 cikin 100 na wadda za ka samu a bakin teku ba. Daga mita 2,500 zuwa sama ake fara ganin ciwon da hawa tsauni ke jawowa: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci da rashin son abinci. Ba ya kama mutum da saukarsa daga mota. Za ku isa kuna ta dariya da ɗaukar hoto, sai cikin dare ko da safe ɗayanku ya kasa ɗaga kai. Kuma ba ruwansa da ƙarfin jiki. Mai buga ƙwallon cikinku na iya kwanciya, siririn da kuke yi wa tsiya ya tashi garau. Saboda haka hawan ƙololuwa washegarin isa, ku soke shi. Ku mayar da shi rana ta huɗu ko ta biyar.

Ka lura da wani abu: kwana biyun farkon da za ku yi kuna lallaɓa jiki su ne mafi arha a duk tafiyar. Zaga kasuwa a hankali, zama a dandalin tsakiyar gari, shan ruwa da yawa, kwanciya da wuri, babu mai karɓar ko sisi a kan wannan. Idan akwai ƙaramin gari a ƙasa da birnin a kan hanyarku, ku yada zango a can dare ɗaya. Haka matafiya da yawa ke yi a Kusko ta ƙasar Peru, mai tsayin kusan mita 3,400: da sun sauka daga jirgi sai su gangara garuruwan kwarin Urubamba da ke ƙasa da mita 3,000 su fara kwana a can. Ƙa'idar da likitocin tsauni ke bayarwa ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Ciwon kai kaɗan, hutu da maganin ciwon kai sun isa, amma kada mai shi ya ƙara hawa sai ya warware. Idan kuwa mutum ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko haki yana zaune, ko tari mai kumfa, ku gangara da shi nan take ku nemi likita, ko da tsakar dare ne, ko da kun biya kuɗin ɗaki na mako.

Sai sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5, kuma da faɗuwar rana garin kan sauya gaba ɗaya. Kito, babban birnin Ekwado, yana daf da layin da ya raba duniya biyu, amma saboda tsayinsa na mita 2,850 sai da rigar sanyi ake fita da dare. Haka Adis Ababa ta Habasha, haka Asmara ta Eritiriya. Ba sai kun sayi tsadaddiyar jaket ba. Riguna uku marasa kauri, ɗaya kan ɗaya, sun fi jibgegiya guda ɗaya amfani, domin da rana za ku cire, da yamma ku mayar. Ku ara, ko ku sayi na gwanjo tun kafin ku tashi, don duk abin da ka saya a bakin dutse kana rawar ɗari, farashin mai rawar ɗari za ka biya. Hula da safa mai kauri kada a manta. Rana kuma a can ta fi ƙuna ko da iska na da sanyi, don haka hular rana da man leɓe ba ƙwalisa ba ne.

Masaukin nan mafi araha shi ne ya fi tsaya mini a rai. Araha ba ta ado. Kafin ku biya, ku aika wa mai gidan tambaya uku: akwai ruwan zafi, kuma ƙarfe nawa zuwa nawa? Akwai abin ɗumama ɗaki, ko barguna nawa ne kowane gado? Kuɗin ɗumamawar yana cikin kuɗin ɗakin ko daban ake biya? Sannan ku duba inda gidan yake. Taswirar waya tana yaudara a garin tsauni: za ta nuna maka kilomita ɗaya daga tsakiyar gari, ba za ta gaya maka cewa matakala ce tun daga farko har ƙarshe ba. Ranar farko za ku taka, rana ta biyu za ku tare tasi. Ga shi ku biyar ne, ƙaramar mota mutum huɗu take ɗauka, kowace fita motoci biyu ke nan. Lissafa wannan sau biyu a rana har mako guda, za ka ga ɗakin da ke kusa da tsakiyar gari ko bakin tashar bas shi ne mai arahar gaske. Gargaɗi ɗaya da ba na gajiya da maimaitawa: komai sanyi, kada ku kunna gawayi ko risho a ɗaki ku rufe ƙofa ku kwanta. Iskar da ke fita daga ciki ba ta da wari, kuma a barci take kashewa.

Motar dare, ni dai ba na son ta a hanyar tsauni. Kwana-kwana, hazo, direba mai gyangyaɗi, ga rami a gefe. Ko an isa lafiya, za ku sauka da asuba a gajiye, ba barci, cikin sanyi, ɗakin kuma ba za a ba ku shi ba sai rana ta yi. Ku bi ta safe. Abin da za ku gani ta taga yana cikin abin da kuka je kallo. Mai saurin amai a mota ya zauna gaba.

To yanzu ga inda za ku matse hannu ba tare da fargaba ba. Ku kauce wa lokacin hutun makarantu da manyan bukukuwan garin, ku kuma tashi a tsakiyar mako, amma kada neman araha ya kai ku tsakiyar damina, lokacin da zaftarewar ƙasa ke tare hanya. Ku kama gida ɗaya mai kicin maimakon ɗakunan otal, ku riƙa haɗa karin kumallo da abincin dare da kanku, na rana ku ci inda ma'aikatan garin ke layi, ba inda aka rubuta jerin abinci da harsuna uku ba. Sai dai girki a can na da jinkiri, domin ruwa na tafasa ne a kusan digiri 90 a tsayin mita 3,000. Duk abin da ke son doguwar dahuwa zai cinye muku gas, ku zaɓi mai saurin nuna. Ruwan sha kuwa, maimakon sayen gora-gora, ku tafasa shi na minti 3 ku cika gorunanku. Ku shiga motar da 'yan gari ke shiga. A wasu biranen ma, kamar La Paz ta Bolibiya tun 2014 da Medelin ta Kolombiya tun 2004, motocin igiya da ke ratsa sama su ne abin hawan yau da kullum, da kuɗin tikitin talaka za ka ga garin duka a ƙarƙashinka. Ranar hawan dutse kuma ku ɗauki ɗan jagora ɗaya ku raba kuɗinsa biyar. Ku sauke taswira a waya tun da akwai intanet, ku tuna sanyi na saurin cinye batir, ku riƙe tsabar kuɗi saboda ƙauyukan da ke wajen birnin.

Amma abin da na fi gani yana ɓata irin wannan tafiya ba dutsen ba ne. Ka ce biyu na aiki, uku sai a hankali. Ku gina kasafin a kan ƙarfin mafi rauni a cikinku, ku kuma yi maganar baki da baki kafin a sayi tikiti, ba sai an zauna cin abinci wani yana kallon farashi yana cewa ya ƙoshi ba. Ku yi asusu ɗaya na masauki, mota, cefane da ɗan jagora. Kowa ya zuba nasa kafin ranar tashi, ba "zan ba ka in mun dawo". Mutum ɗaya ya zama ma'aji, ba lallai mai kuɗin cikinku ba, wanda dai ba ya ƙyuyar rubutu, kowane dare ya tura lissafin ranar a zaurenku na WhatsApp. Tsaraba da kwaɗayi kowa da aljihunsa. Ku ware kamar kashi 15 cikin 100 ku ba wani daban ya riƙe, ba a taɓa shi sai don rashin lafiya ko tarewar hanya. Ku kuma yanke tun yanzu: idan ɗaya ya kwanta, wa zai gangara da shi, kuma daga asusu za a biya kuɗin motarsu. In ba a yi wannan maganar ba, mara lafiyan zai ɓoye ciwonsa don kada ya ɓata wa kowa tafiya, wannan kuwa shi ne mafi hatsari.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ni da ƙawayena muna shirin irin wannan tafiya, amma ɗayarmu tana da sikila. Ta ce ta daɗe ciwon bai tashi ba. Mu tafi da ita? Daga 'yarka.

AMSA: 'Yata, wannan ba maganar da za ku yanke a tsakaninku ba ce. Ƙarancin oksijin, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki, ukun nan duk suna tayar da ciwon sikila, kuma a kan tsauni tare suke zuwa. Daɗewa bai tashi ba a ƙasa ba hujja ba ce. Ko masu AS, waɗanda ba sa ciwo a gida, an sha samun wasunsu da matsalar saifa a wurare masu tsayi sosai, musamman in sun wahalar da jiki. Ta je wa likitanta da sunan garin, tsayinsa da adadin kwanakin, kafin ku biya kuɗin komai. In ya hana, ku sauya gari ku duka, ku nemi wanda ke gindin tsauni, inda masu so za su hau da safe su dawo da yamma, ita kuma ta kwana a ƙasa tare da ku.