Mai bishara ba ya tashi da damina

Ɗana, ina gaishe ka da aiki, ina kuma yi maka sannu da ɗawainiya.

Saƙonka ya iso ni. Ka ce alawus ya tsaya tun bazara, masu zuwa sujada da yawa sun kwashe iyalansu sun koma gari saboda 'yan bindiga, kai ma zuciyarka ta karkata ga tafiya. Dattawan ikkilisiya kuwa sun ce maka a wajenmu mai bishara ba ya barin tasharsa da damina, sai an kai amfani gida. Kana so ka sani ko wannan umarnin Littafi ne ko al'ada.

Al'ada ce. Babu ayarta, kada wani ya ce maka akwai. Amma iyayenmu ba su kafa ta a banza ba.

A zamanin da muka taso, abin da ake ba mai bishara bai isa ya riƙe gida ba. Gona ce ke ciyar da shi. Wani dattijo zai yanka masa fili, matasa su yi masa gayyar noman fari da maimai, matan zumunta su kawo fura da kunu. To mutumin da aka yi wa haka, in ya ɗaure kaya hatsi na tsaye a gona, ya tafi da gumin mutane a wuyansa, kuma wanda za a aiko bayansa ya iske rumbu wayam. Wannan shi ne dalilin da kowa ya sani.

Akwai wani da ba a cika faɗa ba, ni kuwa shi na fi ba nauyi. Watan Agusta, lokacin marka, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, zazzaɓi ya kwantar da yara, baiko ya ragu. A wannan lokaci ne mutum yakan fara tambayar kansa ko da gaske an kira shi. Iyayenmu sun lura cewa shawarar da aka yanke da yunwa a ciki sau da yawa akan yi nadamarta da kaka. Sai suka ce a dakata. Ka duba Iliya a Sarakuna na Fari sura 19. Ya gudu jeji har ya roƙi mutuwa, Ubangiji kuwa bai soma da yi masa faɗa ba. Abinci da ruwa aka ba shi, ya yi barci, sa'an nan aka yi zancen aiki. Gajiyar da kake ji ba ta soke kiranka ba, ɗana.

Amma ina so ka ji ni da kyau a nan, domin na ga inda ake ɗaure mutane da wannan al'ada fiye da kima. Jimiri ba ya nufin a kafe a wuri guda har a rasa rai. Ɗan mishan Rowland Bingham ya sauka Legas a 1893 tare da Walter Gowans da Thomas Kent. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida, shi kuma ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake korar shi. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, daga wannan aiki ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Wa zai ce Bingham ya yar da kiransa don ya koma gida? Haka zuriyar Isawa, wato almajiran da suka ɗaukaka Annabi Isa, da suka sami ɗan mishan Likita Miller a Zariya a 1913. An kafa musu mazauni a Gimi, ciwon barci ya ci mutane da dama, waɗanda suka ragu suka tashi, daga baya aka taru a Wusasa. Sun bar wuri, bangaskiyarsu na tare da su. Yesu da kansa, a Matiyu 10:23, ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani.

Abin da Littafi ya hana yana cikin Yohanna sura 10: ɗan ƙodago da ya ga kyarkeci ya tsere ya bar tumaki. Saboda haka abin da zan tambaye ka shi ne, ina tumakinka suke yanzu? In tsofaffi da marasa halin tashi suna nan a ƙauye, kuma ana iya kwana, ka zauna da su har a yi girbi, ka rage yawon dare, a mayar da addu'ar yamma zuwa rana. In kuwa hari ya matso har zama ya zama jefa rai, ku tashi tare, ka bi su inda suka sauka, ko a ajin makaranta ne a yi sujada. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne sulalewa da asuba, mutane su zo ran Lahadi su tarar da ƙofa a kulle. Yaran da ka yi wa baftisma ba za su manta ba.

Matarka da yara kuwa, kada ka jira kaka. Ka turo su nan gidana tun yanzu, ɗaki na nan, masara ma akwai. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, ko kaɗan.

Zancen alawus, kada ka yi shiru kana cin zuciya. Haƙƙinka ne. Zuwa da kai ya fi aike: ka ɗauki dattijo ɗaya ku je wurin shugabannin gunduma, ka faɗa musu halin da ake ciki dalla-dalla, ka nemi su zo su gani da idonsu. In sun ce ka tashi, ka tashi da sallama da addu'a a gaban jama'a. In ka tsai da ranar zuwa, ka sanar da ni, zan raka ku.

Innarka tana gaishe ka, kullum kuna cikin addu'armu.

Kawunka.