Yaya ake auna sautin kan na'urar sikanin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin gyaran kayan asibiti a Jidda. Kan na'urar sikanin ɗinmu, wato abin da ake ɗorawa a jikin majiyyaci yana aika sauti domin ɗaukar hoton cikin jiki, ya faɗi ƙasa, amma har yanzu yana nuna hoto. Ta yaya zan tabbatar sautin da yake fitarwa bai canza ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fitowar hoto ba hujja ba ce, domin a cikin kan akwai ƙananan ƙwayoyi a jere, galibi 128 ko 192, masu mayar da lantarki sauti su kuma mayar da amsa-kuwwa lantarki, kuma wasu na iya mutuwa sauran su rufa musu asiri. Ka fara da gwajin da ba ya cin ko riyal ɗaya: goge kan ya bushe, ka kunna shi a iska, ka duba layukan haske da ke kwance a saman allo. Duk inda duhu ya ratsa su daga sama zuwa ƙasa, to ƙwaya ta mutu, ko waya ta tsinke, ko robar bakin kan ta ɓanɓare.

Ainihin awo kuwa a cikin ruwa ake yin sa. Ana auna jimillar ƙarfin sautin da sikeli mai iya auna nauyi ƙanƙane ƙwarai, saboda sautin yana tura abin da ya shanye shi, kuma turin sauti mai ƙarfin wat ɗaya yana daidai da nauyin kusan miligiram 69. Domin ganin faɗin sautin da inda ya tattaru, sai a zagaya da haidirofon, wato makirufo na cikin ruwa, a gaban kan. Dole bakinsa ya zama ƙanƙane ƙwarai, tun da tsawon zangon sauti mai megahaz 5, wato kaɗawa miliyan 5 a daƙiƙa, a ruwa bai wuce kusan milimita 0.3 ba.

A ganina ruwan ne ya fi ɓata awo a ƙasar nan. Gudun sauti a ruwa mai digiri 20 kusan mita 1,482 ne a daƙiƙa, amma a digiri 35 yana kaiwa kusan 1,520, kuma ruwan tankin saman bene a Jidda lokacin zafi yana iya wuce digiri 35. Ga kuma kumfar iska da ke manne wa bakin kan tana tare sauti. Saboda haka a yi amfani da tataccen ruwa da aka cire wa iska, a bar shi ya huce, a rubuta zafinsa tare da sakamakon.

Idan ba ku da waɗannan kayan, ku aika kan na'urar zuwa ɗakin gwaji, ku nemi a kwatanta sakamakon da alƙaluman da kamfanin da ya ƙera shi ya bayar.