Me ya sa nake auna ruwa kafin a jefa taru

Yaro, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake tsoma ma'aunin zafi a teku kafin mu jefa taru, wai ai na'ura tana nuna kifi. Ku yaran yanzu, in allo bai faɗa muku ba, ko hadari ba kwa gani.

Kifi yana bin ruwan sanyi ne. A gaɓar Muritaniya igiyar ruwan teku mai sanyi da ake kira Kanari tana gangarowa daga arewa, iska ta ture ruwan sama zuwa cikin teku, na ƙasa mai sanyi ya taso ɗauke da abincin ƙananan halittu. Ruwan ya yi kore, kifi ya taru. Haka igiyar Bengela take yi a Namibiya, haka igiyar Humbolt a Peru. Sanyin nan ne yake hana hadari haɗuwa, shi ya sa za ka ga hamada ta jingina da teku, sai hazo kawai da asuba. Yadda ake karanta ma'auni kuwa, wanda bai iya ba, sai ya sauka daga jirgina.

Wannan ma'auni da ka raina, rashinsa ne ya cinye mini gumina na wata uku, kai lokacin ba a haife ka ba. Nawa ya fashe, na ce wa mai jirgi ya sayo wani, ya ce in daina kawo masa tsirfa, in koma inda muka cika jirgi makon jiya. Na ga iska ta kwanta, na ga ruwan ya koma shuɗi garau, zuciyata ta faɗa mini ruwan ɗumi ya shigo. Amma na bi maganarsa. Kwana 9 muna jan taru, mai yana ƙonewa, ƙanƙara tana narkewa, abin da muka samu bai cika kwando goma ba. Da muka dawo, mutumin nan ya dube ni a gaban yarana ya ce ni ne ban san teku ba, ya zare kuɗin man daga ladana har ƙarshen kaka. Ni! Har yau ban yafe masa ba.

Kada ka ɗauka ƙaramin abu ne. A 1972 ruwan ɗumi na El Nino, wato ɗumamar teku da kan auku lokaci-lokaci a wannan yanki, ya rufe gaɓar Peru, ga kamun da ya wuce kima, sana'ar kifin ƙasa guda ta durƙushe.

Gobe kafin asuba kai za ka auna, ka rubuta, ka kawo mini.