Fuskar Buraƙa da ƙahon da ya fito daga fassara

Wata mai karatu daga Damagaram ta rubuto cewa a ɗakin kakarta akwai wani tsohon hoto na Buraƙa rataye a saman jeren kwanuka, mai jikin doki, da fukafukai, da jelar ɗawisu, da fuskar mace sanye da kambi. Tana tambaya: mece ce ma'anar sunan, kuma shin haka Buraƙa take?

Malama, sunan daga Larabci muka aro shi, kuma tushensa ɗaya da kalmar "barƙu", wato walƙiya. Malaman lugga sun ce an kira dabbar haka ne ko dai saboda saurinta, ko kuma saboda ƙyallin farinta. A Larabci kalmar namiji ce, amma da ta shigo bakin Bahaushe sai ya ƙara mata wasali a ƙarshe, kamar yadda ya saba yi wa baƙin kalmomi, kuma da yake yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne a Hausa, sai muka wayi gari muna cewa "Buraƙa ta tashi".

Game da siffa kuwa, hadisin Isra'i da Mi'iraji da Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas ɗan Malik ya ce farar dabba ce doguwa, ta fi jaki, ba ta kai alfadari ba, tana sa kofatonta a iyakar ganinta. Babu fuskar mace a wannan ruwaya, babu kambi, babu jelar ɗawisu. Fuskar mutum ta yi fice ne a hannun masu zanen littattafai na ƙasar Farisa. Ana ganin ta a littafin tarihin da waziri Rashiduddin ya sa aka rubuta a Tabriz a farkon ƙarni na 14, sannan a littafin Mi'iraji da aka ƙawata a Hirat a shekarar 1436, wanda yanzu yake ajiye a birnin Paris. Daga baya injin ɗab'i ya yawaita irin waɗannan hotuna masu launi, har suka iso kasuwanninmu.

To, me mai zanen yake nufi? Shi ba shi da baki sai alƙalami da launi, saboda haka duk abin da zai faɗa sai ya nemo masa alama. Sauri ba shi da kamanni, sai ya sa fukafukai. Ɗaukaka ba ta zanuwa, sai ya ɗora kambi. Fuskar mutum kuma, a fahimtata, hanyarsa ce ta cewa wannan halitta ba irin dabbobin da ake ɗaurewa a turke ba ce. Wanda ya ji an ce "wane zaki ne" bai taɓa duba masa geza a wuya ba, kuma haka ya kamata a karanta hoton kakarki. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, ma'ana kamanni ba ya mayar da abu ya zama ainihin wanda aka kamanta shi da shi. A nan ma ko kamannin ba a da tabbacinsa, tun da mai zanen bai taɓa ganin abin da ya zana ba.

Wani ɗalibi kuma ya tambayi bambancin gunki da mutum-mutumi. Bambancin yana wajen niyya. Mutum-mutumi shi ne duk abin da aka sassaƙa ko aka haɗa da siffar mutum, har da na tsumma da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye. Ba ya zama gunki sai an bauta masa ko an yi masa yanka, kuma a wannan fage ne ake cewa tsafi gaskiyar mai shi. Don haka kuskure ne ɗan jarida ya kira duk sassaƙen da ke gidan tarihi gunki.

Tambaya ta uku ta fi ba ni sha'awa, domin maganar fassara ce zalla. Wani malamin makaranta daga Zariya ya ga hoton wani sassaƙe a birnin Rum da aka ce yana nufin Annabi Musa (AS), da ƙananan ƙahoni biyu a ka, ya tambaya ko cin mutunci ne. Sassaƙen na Mikelanjelo ne, shahararren mai sassaƙa ɗan Italiya, ya yi shi wajen shekarar 1515. Batun hukuncin suranta annabawa na bar wa malaman fiƙihu, amma ƙahon dai ga inda ya samo asali. Littafin Fitowa na cikin Attaura, sura ta 34, ya ce da Musa ya sauko daga dutse fatar fuskarsa tana haskakawa. A Ibrananci baƙaƙen kalmar da ke nufin haskakawar uku ne, ƙ-r-n, kuma tsohon rubutun ba ya nuna wasula, saboda haka ana iya karanta ta "ƙaran", wato ta fitar da haske, ko a danganta ta da "ƙeren", wato ƙaho. Lokacin da Jerom, wani malamin Kirista, ya mayar da littafin zuwa harshen Latin wajen shekara ta 400, sai ya zaɓi kalma mai nufin "mai ƙaho". Masu zane a Ingila suka fara sa ƙahon tun ƙarni na 11, al'adar ta bi Turai har ta iso kan Mikelanjelo, wanda ya sassaƙa abin da ya gada.

Ya kamata kuma a tuna cewa a tsohuwar Gabas ta Tsakiya ƙaho alamar ƙarfi da mulki ne, shi ya sa aka buga kuɗin azurfa da kan Iskandari, sarkin Makidoniya, ɗauke da ƙahon rago bayan mutuwarsa. Wannan tushe na ƙ-r-n yana nan a Larabci, inda "ƙarnu" take nufin ƙaho kuma take nufin zamani, kuma daga gare ta sunan Zulƙarnaini na Suratul Kahfi ya fito. Mu Hausawa mun ari ma'anar zamanin kaɗai muka ce "ƙarni", muka bar ɗayar, domin muna da namu ƙahon tun kafin Larabci ya iso mu.