Wane injin huda zan saya don kamun kifi a kan ƙanƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a jihar Minesota ta Amurka, kuma bana abokaina sun ja ni kamun kifi a kan tafkin da ya daskare. Abin ya shiga raina. Na ga wasu suna haɗa injin huda mai batir da mahudin ƙanƙara maimakon sayen na fetur. Ina da ƙaramin inji da nake ɗaura kusoshi da shi a gida. Zai yi? In ba zai yi ba, me zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan ƙaramin naka ka bar shi a gida. Zai huda rami ɗaya ko biyu, sannan ya ɗau zafi ya ƙone, ko haƙoran giyarsa su zube.

Amma kafin maganar inji, wane kifi kake nema? Daga nan komai yake tashi. Ƙananan kifaye masu faɗin tafin hannu, irin su crappie da perch, ramin inci 6 ya wadatar da su. In walleye ko pike kake hari, sai inci 8. Mutane suna ganin bambancin inci biyu ba wani abu ba ne, alhali ƙanƙarar da mahudin inci 8 yake cirewa ta kusa ninka ta inci 6. Wannan nauyin duka a kan injin da batir yake sauka. Ni a ganina mai farawa ya ɗauki inci 6, sai fa in ya tabbata manyan kifaye zai riƙa bi.

Injin kuwa, ga abin da za ka duba. Ya zama mai ƙarfin lantarki bolt 18 ko 20, kuma kada lambar ta ruɗe ka, abu ɗaya ne: batir ɗin yana nuna 20 idan an cire shi daga caji, yana aiki a kan 18. Ya zama mai mota marar burosh (brushless), bakinsa da yake riƙe mahudi na ƙarfe mai rabin inci. Abin da ya fi komai shi ne ƙarfin murɗawa, wanda a can yawanci ake rubutawa da inci-fam a jikin kwali. Kada ka sauka ƙasa da 725 zuwa 750, musamman ga mahudin inci 8. Shi ya sa za ka ga Milwaukee M18 Fuel, mai 1,200 ko fiye, ya cika tafkuna. Manyan DeWalt XR ma suna yi sosai. Batir ka nemi mai amfiya-awa 5, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, guda biyu.

Sai abin da nake so ka riƙe da kyau. Lokacin da wuƙaƙen mahudin suke gab da ɓullewa cikin ruwa, sukan cije ƙasan ƙanƙarar. Mahudin ya tsaya cik, injin kuma ya juya da hannunka. Nan ne mutane suke samun targaɗe a wuyan hannu. Don haka mariƙin gefe da yake zuwa da injin ka ɗaura shi kullum, ka riƙe da hannu biyu, ka buɗa ƙafa. Ka sa giya ta ɗaya, wato mai tafiya a hankali, ka juya shi kan alamar huda, ban da ta guduma. Kada ka danna da ƙarfi, bar wuƙaƙen su ci da kansu, kuma ka sassauta idan ka ji an kusa. In kuɗinka ya kai, akwai farantin kamfanin Clam da ake ɗora injin a kai, mai mariƙi biyu kamar kan keke. Ya cancanci kuɗinsa.

Mahudan da aka yi don wannan aiki ba su da nauyi. StrikeMaster Lite-Flite da Eskimo Pistol Bit suna aske ƙanƙara da sauri, sai dai yashi kaɗan yana dakushe su. K-Drill saran ƙanƙarar yake yi, bai kai su gudu ba amma ya fi jure datti da sake buɗe tsohon rami. Ko wanne ka ɗauka, tabbatar yana da kumfa ko faifai a sama wanda zai hana shi nutsewa, domin bakin inji yakan sake, mahudin ya sulale cikin tafki.

Sanyi yana cin batir. Na biyun ka ajiye shi cikin aljihun rigar ciki, kuma kada ka sa shi a caji yana daskare, bari ya sha ɗumin ɗaki tukuna. In za ka tafi arewa can tafkin Lake of the Woods a ƙarshen hunturu, ƙanƙara takan kai ƙafa uku, sai ka sayi sandar ƙara wa mahudin tsawo.

Ramin farko kuma ka huda shi kusa da gaɓa, ka zura ma'auni. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota tana cewa sai sabuwar ƙanƙara mai haske ta kai inci 4 kafin mutum ya taka ta da ƙafa. Farar nan mai haɗe da dusar ƙanƙara rabin ƙarfi gare ta, don haka ka ninka lissafin. Ka ci gaba da aunawa kana shiga, kuma don Allah kada ka je kai kaɗai.