Amsa ga mai tambaya kan dutse mai ruwan hoda da ake ce masa litiyam

Malam, ka ce kun tono wani dutse mai ruwan hoda-hoda da shunayya yana ƙyalli, yana ɓarewa falle-falle, wai ko litiyam ne kuma ko zai yi kuɗi. Daga yadda ka kwatanta shi, lefidolait ne, dutse mai ɗauke da litiyam, dangin maika, wato duwatsun nan masu ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle. Sa farce ko wuƙa ka karce shi, in ya karcu cikin sauƙi to da alama shi ne, taurinsa bai wuce 2.5 zuwa 4 ba a ma'aunin Mohs, ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10.

Amma dan Allah kar kala ta ruɗe ka. Na daɗe ina harkar duwatsu a wajen Nasarawa, na ga mutane da yawa sun cika buhuna saboda dutsen ya yi jawur, alhali wannan kalar manganis ne ke kawo ta, ba litiyam ba. Ka kai shi lab kawai a auna maka litiyam kashi nawa ne a ciki. Kuma ƴar na'urar hannun nan ta XRF, mai haska dutse ta faɗi sinadaran cikinsa, da dillalai ke yawo da ita ba ta ganin litiyam sam, ya yi mata rashin nauyi, duk wanda ya haska ya faɗa maka farashi a take wallahi cinikin kansa yake yi.

Yadda yake samuwa kuwa, idan narkakken dutse na giranit ya zo ƙarshen daskarewa a ƙarƙashin ƙasa, ragowar ruwan mai ɗauke da litiyam da fuloorin ya kan kutsa cikin tsagogi ya daskare a hankali ya zama jijiya mai manyan ƙwayoyi, pegmatait kenan, shi ya sa inda ka gan shi sai ka duba da kyau don ma'adinai irin su tomalin da tantalait da kuza duk maƙwabtansa ne, wani sa'in ma su suka fi shi kuɗi.

Masu saye sun fi son sufodumin, wani dutsen litiyam na daban, saboda tace lefidolait akwai wahala, ga cin wuta ga tarin shara. Amma a Yichun ta ƙasar Sin lefidolait ɗin suke tacewa su yi batir, ana kuma zuba shi a haɗin gilashi da tangaran. A cikinsa ma aka gano sinadarin rubidiyam a 1861.

Ka tabbata akwai lasisi a filin kafin ka zuba jari, kuma yaranka su riƙa rufe hanci wajen fasa dutsen, ƙurar tana cin huhu.