Kuɗin motar Kalgo da kuɗin motar Yawuri

Yarona, jiya muna naɗe waya ka tambaye ni abin da ban samu sukunin amsa maka ba saboda mai gidan yana tsaye a kanmu. Ka ce ka ga ina rubuta kuɗin motar Yawuri a littafin shago don a cire mini shi kafin lissafin haraji, to kai da kake tasowa daga Kalgo kullum, idan ka buɗe naka shagon a Birnin Kebbi, daga kilomita nawa ake fara cirewa?

Babu wani adadin kilomita. Abin da dokarmu take dubawa shi ne dalilin tafiyar. Kuɗin da za a cire maka sai wanda ka kashe kacokan don samo kuɗin sana'ar, hidimar kanka da ta gidanka kuwa ba ta shiga. Zuwa shago da safe da komawa da yamma a hidimar kai ake lissafa su, domin kai ka zaɓi inda za ka zauna. Da a Kalgo kake kwana, da a bayan shagon, ba ruwan mai haraji. Amma ka fito daga shago da tsani da akwatin kaya ka hau Keke Napep zuwa Gesse don gyaran inbata, wannan 'yar tafiyar ta aiki ce, ko da ba ta kai rabin hanyar Kalgo ba.

Na san akwai ciwo a ciki. Mutumin ƙauye ya fi na gari kashe kuɗin hanya, kuma ba a rage masa komai. Ni ma ban ga adalcinsa sosai ba, amma haka abin yake.

Inda maganar take da lauje cikin naɗi shi ne wanda ba shi da shago. Wani akanta da na haɗa wa sola ya ba ni labarin shari'ar wani magini a Ingila a 1971. Mutumin a gida yake ajiye kayan aikinsa da takardunsa, a nan ake zuwa a yi cinikin aiki da shi, daga nan yake wucewa wuraren gini daban-daban. Kotu ta ce gidan nan shi ne mazaunin sana'arsa, saboda haka kuɗin zuwa wurin gini a cire masa. Hukuncin can ne, ba na nan ba, amma ka riƙe hikimar: tambayar ita ce daga ina sana'ar take tashi. Idan ka fara daga zauren gidanku, can batura da farantan sola suke, can ake samunka, kana da abin faɗa. Ranar da ka kama shago, lissafi ya canza.

Yanzu ɗauki aikin Yawuri. Motar da muka shiga ta Jega da Koko, kuɗin dakon faranti, ɗakin da muka kwana biyu, duk na aiki ne, domin ba za a yi shi a wuni ɗaya a dawo ba. A nan ne kawai nisa yake magana, shi ne yake nuna cewa kwanan ya zama dole. Ka kama ɗaki a Ambursa ka ce aiki ya kwanar da kai, wa zai yarda? Sannan idan aiki ya kai ka Argungu ka gama ranar Alhamis, ka ƙara kwana biyu don kallon bikin kamun kifi a Matan Fada, kwanakin nan biyu daga aljihunka ne. Kada ka cusa su. Layi ɗaya na ƙarya yana sa a daina yarda da littafin gaba ɗaya, kuma haƙƙi ne. Haka man babur: wanda ka kai iyali asibiti da shi daban, wanda ka kai waya da shi daban.

Kada ka raina abin. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta ce Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 kashi 15 cikin ɗari ne. A ce ribarka miliyan 1 ce kafin ka cire tafiye-tafiye, harajinka 30,000. Idan ka nuna cewa 150,000 sun tafi a hanyar aiki, saura 850,000, harajin ya koma 7,500. Bambancin ya sayi naɗin waya mai kyau.

Matsalar ita ce shaida. A tasha ba a ba da rasit, ɗan acaɓa kuwa ba a maganarsa. Shekarun farko da na buɗe shago ban rubuta komai ba, da aka zo tantancewa na yi ta lissafo garuruwa da baki, Kamba, Bunza, Zuru, babu takarda ko ɗaya. Aka yi mini ƙiyasi na biya, na kuma san na biya fiye da abin da ya hau kaina. Tun daga ranar nake da littafin nan mai baƙin bango da kake gani a ƙarƙashin teburi. Kwanan wata, gari, sunan mai aiki, abin da aka je yi, nawa aka kashe. Inda za a iya tura kuɗi ta waya ina turawa, saƙon banki ya zama shaidata. Rasit ɗin gidan mai da na masauki ina maƙala su a shafin ranar da allurar takarda. A ranar nake rubutawa, ko da dare ya yi, domin bayan mako guda ba ka tuna ko 4,000 ka ba direba ko 4,500. Kafin ƙarshen Maris, lokacin da ake miƙa bayanin kuɗin shiga ga hukumar haraji ta jiha, sai dai in tara kawai.

Gobe za mu Gwandu duba baturan masallacin nan. Ka biya kasuwa ka sayi littafi mai layi, tafiyar goben kai za ka rubuta ta, ni in duba.